Wasiƙa Zuwa Fatakwal

Sabon Gari, Kano.

Ɗan'uwana cikin Almasihu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya maiɗakinka da yara? Mu nan hunturu ya sauka, ƙura ta rufe gari, kowa leɓe a tsage.

Maganar da muka yi a waya ce ta tsaya mini a rai. Na tambaye ka yaushe za ka nemi gafarar yayanka kan baƙaƙen maganganun da ka faɗa masa ranar rabon gadon Baba. Ka ce in ƙyale ka tukuna, sai ka gama gini, hankalinka ya kwanta, sannan ka zo ku shirya, ka kuma koma cin Jibin Ubangiji. Na yi shiru don na ji baƙi a kusa da kai, amma amsar ba ta gamsar da ni ba.

Ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 24. Bulus yana tsare a Kaisariya, gwamna Filikus ya sa aka kawo shi. Da Bulus ya shiga zancen adalci da kamun kai da shari'ar da ke zuwa, sai gwamna ya tsorata, ya sallame shi da cewa in ya sami zarafi zai kira shi. Yawancinmu a nan muke tsayawa da karatu. To ai ya sami zarafin! Ya yi ta kiran Bulus suna zantawa, sai dai yanzu kuɗi yake sa ran za a miƙa masa. Haka aka yi shekara 2, aka kawo Festas a madadinsa, Filikus ya tafi ya bar Bulus a ɗaure don ya faranta wa Yahudawa rai. Tsoron nan da ya kama shi ranar farko, ba mu ƙara jin labarinsa ba. Abin da nake jiye maka ke nan. Ginin zai iya ƙarewa, ka sami lokacin, amma wa ya ba ka tabbacin zuciyar da ke damunka yau za ta ci gaba da damunka?

Kuma mu daina ɓoye-ɓoye, ni da kai mun san ba gini ne ya riƙe ka ba. Kai ne mai biyan kuɗin asibitin Mama, kai ne mai biyan kuɗin makarantar 'ya'yan dangi, shi ya sa kake ganin faɗuwa ce ka durƙusa gaban yayanka mai sayar da kayan miya a 'Yankura. Girman kai rawanin tsiya ne, mutumina. Sarki Nebukadnezzar ma wata 12 aka ba shi bayan gargaɗin Daniyel, bai yi komai da su ba. Yana yawo a kan soron fadarsa yana yabon kansa da ginin Babila, magana tana bakinsa hukunci ya sauko.

Na san ka aiko da gudummawa mai tsoka lokacin godiyar kaka. Ina cikin majami'a aka karanta sunanka, zumuntar mata har da guɗa. Yayanka yana zaune a bencin baya, bai ɗaga kai ba, hularsa kawai yake juyawa a hannu. Allah ya sa albarka a abin da ka bayar, amma a Matiyu sura 5 Yesu cewa ya yi in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon a gaban bagade, ka je ku shirya tukuna.

Batun gobe kuwa, kai da ka yi ciniki a garin nan ba sai an yi maka dogon wa'azi ba. Ka tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta makon Ista a 2016. Mutane sun kulle shaguna da yamma suna lissafin kayan da za su saro, da safe suka tsaya kan toka da makulli a hannu, ƙofar da za a buɗe babu. Manzo Yakubu ya yi magana da irinmu 'yan kasuwa masu cewa yau ko gobe za mu je gari kaza mu shekara mu ci riba, ya ce ba mu ma san abin da goben za ta haifar ba.

Ban so in faɗa maka a waya ba, amma hawan jinin yayanka ya matsa masa kwanan nan, ƙafafunsa sun fara kumburi. Lambarsa ba ta canja ba, kuma da magariba yana gida. Kada ka tsaya tsara jawabi. Ka ce masa, "Yaya, na yi laifi, ka gafarta mini," sauran ka bar wa Allah. In bakin ya yi maka nauyi, ka taho kafin Kirsimeti, ni zan tarye ka a tasha mu wuce gidansa tare.

Ka gaishe mini da iyali. Ina jiran amsarka cikin makon nan.

Naka,
Abokinka na ƙuruciya.