Wasiƙa zuwa ga Habu a Dadin Kowa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, mu nan Gombe sai godiyar Allah. Ƙaninka ya zo mini da labarin wai kana shirin sayar da injin jirgi, mai ya cinye riba. Kwana biyu maganar tana raina. Kada ka sayar tukuna.

Kana da gaskiya kan tsada. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta tsaya nan ba. Amma da na zo bayan sallah mun shiga ruwa tare, na kuma ga hannunka. Kana barin gaɓa kake murɗe totur har ƙarshe. Habu, ruwa ba kwalta ba ne. Jirgin katako mai nauyi irin namu yana da iyakar gudunsa. In ya kai nan, duk wutar da ka ƙara sai dai bayansa ya nutse, hancinsa ya ɗaga, ya riƙa tayar da igiyar ruwa. Wannan igiyar da kake bari a baya, man da ka saya ne. Ka sassauta hannu zuwa kamar kashi uku cikin huɗu, ka saurari kukan injin ya daidaita. Za ka makara da 'yan mintoci, amma kifin da ya shiga kalli babu inda za shi. Ka yi wa jarka alama, ka gwada mako guda, da bakinka za ka ba ni labari.

Sai farfela. Akwai shekarar da na yi damina guda ina zargin kafireta, ina ta kai wa makaniki kuɗi, ashe kunnen farfela ɗaya ne ya lanƙwashe a kan kututture. Inji yana ta ihu, jirgi ba ya tafiya. Kullum ka ɗaga injin ka shafa ta da hannu, ka kuma duba ko zaren koma ya naɗe a gindinta, don shi ke cin robar da ke hana ruwa shiga giya. Filogi kuwa araha gare shi, in ya yi baƙi ka canza. Man gauraye ka riƙa aunawa, lita 1 ga lita 50 ta fetur kamar yadda na koya maka, ban da zubawa da ka. Kuma in dole ta sa ka sayi na 'yan bumburutu, ka tace kafin ka zuba.

Ka yashe ruwan cikin jirgi kafin ka tashi, ka kankare gansakukar ƙasansa lokaci-lokaci. Dukansu kaya ne da kake biya wa kuɗin mai.

Abin da ya fi damuna shi ne kai da maƙwabtanka ku huɗu kuna fita wuri ɗaya, kowa da injinsa a kunne. A zamaninmu inji ɗaya ke jan kwale-kwale uku zuwa inda aka yi shinge da koma, a raba kuɗin mai, sauran aikin filafili ya ƙarasa. Ka tuntuɓi maƙwabtanka, in da hali a gaban Sarkin Ruwa, don kada rabon kuɗi ya kawo saɓani. Ku fita da asuba kafin iska ta taso, musamman yanzu da hunturu ya kama.

Na ba ƙaninka littafi da biro. Kowace fita ka rubuta lita nawa ka zuba, ina ka je, nawa ka sayar. Bayan wata guda ka zo da shi mu zauna. In lissafin ya nuna sayarwa ce mafita, ni zan nemo maka mai saye.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙo mata bandar tarwaɗa in za ka zo. Allah Ya tsare, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.