Masu zuwa Japan su yi tambaya kafin su ci ramen

Assalamu alaikum. Edita, ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin ɗalibanmu da 'yan kasuwa masu zuwa Japan game da taliyar nan da ake kira ramen. Da yawa suna ɗaukar ta tamkar Indomie, sai kawai su nuna hoton da babu yankan nama a kai, su ci hankali kwance. Alhali matsalar ba a saman kwano take ba, a cikin romon take.

Romon tonkotsu, wanda birnin Fukuoka ya shahara da shi, ƙasusuwan alade ne ake tafasawa sa'o'i masu yawa har ruwan ya yi fari. Wannan kowa ya sani. Inda ake faɗawa shi ne sauran ukun: shoyu na Tokyo, miso na Sapporo da shio na Hakodate. Waɗannan sunaye na abin ɗanɗano ne kawai, wato ruwan waken soya, ko dakakken waken soya, ko gishiri. Ba su faɗi ƙashin me aka dafa ba, kuma galibin shaguna suna haɗa na kaza da na alade. Sannan kafin a zuba romo, mai dafawa yakan sa abin da Japanawa ke kira "tare" a gindin kwano, wani haɗi mai kauri da akan sa giyar shinkafa, sake ko mirin, a ciki. Man da ke yawo a sama sau da yawa kitsen alade ne. Har ƙwan nan mai launin ƙasa ba a shaidarsa, domin wasu a ruwan da aka dafa chashu, wato naman aladen da ake yankawa a kan taliyar, suke jiƙa shi. Don haka cewa "a cire mini naman" bai raba gardama ba.

Tambayar da za a yi ita ce "Buta wa haitte imasu ka?", wato akwai alade a ciki? A yi ta kan romo da mai duka biyun. Mafi sauƙi dai a nemi shagon da ya rataye takardar shaidar halal; akwai su a unguwannin Asakusa da Shinjuku na birnin Tokyo, kuma romon kaza suka fi yi.

Tsarin shago kuwa ba wuya. A yawancinsu akwai na'urar tikiti a bakin ƙofa: ka sa kuɗi tukuna, ka danna, ka miƙa tikitin. Kwano yana kaiwa wajen yen 1,000. A riƙe tsabar kuɗi, domin da dama ba sa karɓar kati, kuma tsofaffin na'urori sukan ƙi sababbin takardun da aka fitar a Yulin 2024. Ba a ba ma'aikaci tukwici.

Da an ajiye kwano a fara ci. Taliyar tana ci gaba da nuna a cikin romo mai zafi, mai jinkiri sai ya tarar ta kumbura ta yi laɓo-laɓo. Mai son ta da ɗan ƙarfi ya ce katame tun wajen ba da tikiti. Zuƙa da ƙara ba rashin tarbiyya ba ne a can, yana ma sanyaya ta. Amma zaman hira bayan an gama ci, shi ne abin da ba sa so, don kujerun ba su da yawa, ga mutane a layi a waje.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum