Mu Riƙa Auna Ruwan da Noman Rani Ke Sha

Ranka ya daɗe Edita,

Manomin rani a Kadawa ya san buhu nawa ya samu, amma da wuya ya san ruwa nawa gonarsa ta sha kafin buhunan su fito. Alhali ruwan madatsar Tiga da ake ɓarnatarwa a sama, shi ne wanda masunta da makiyayan fadamar Haɗeja da Nguru ke jira a ƙasa.

Awon ba wuya ga mai injin ban-ruwa. A sa tiyo cikin durom mai lita 200, a duba agogo. In ya cika cikin daƙiƙa 40, injin na zuba lita 18,000 a awa ɗaya. A riƙa rubuta awannin kowane ban-ruwa, bayan girbi a ninka jimlar awannin da litar da injin ke zubawa a awa ɗaya, a raba da nauyin amfanin a kilo. Da sikeli fa, don buhu ba ya zuwa daidai. Inda ake yin kuskure shi ne a auna sau ɗaya a bari: in zafin Maris ya shigo, ruwan rijiya na ja baya, ƙarfin injin ya ragu, dole a sake awon.

Mai shinkafa kuwa ya kafa bututu mai tsawon santimita 30 da aka huda, rabinsa cikin ƙasa. Kada ya sake ban-ruwa sai ruwan cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar gona, sai dai lokacin da shinkafar take fure, wanda ba a barinta ta bushe.

Daga wasu malaman gona,
Kura, jihar Kano.