A riƙa auna ruwan rijiyoyin Ogoni

Ya mai girma Edita,

Labaran da ake bugawa kan aikin HYPREP, hukumar gwamnatin tarayya mai tsaftace ƙasar Ogoni ta Jihar Ribas daga gurɓatar da malalar ɗanyen mai ta jawo, sun fi karkata ga filayen da aka share. Ruwan ƙarƙashin ƙasa fa?

Rahoton 2011 na UNEP, hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya gano sinadarin benzin, mai haddasa cutar daji, a rijiyoyin garin Nisisioken Ogale da ke ƙasar Ogoni, ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Mai in ya kai ga ruwan ƙasa, bin jijiyar ruwan yake yi shekara da shekaru, ko da an kwashe ƙasar sama.

Ina roƙon gwamnati ta haƙa rijiyoyin gwaji, a riƙa auna ruwansu duk bayan wata uku, a liƙa sakamakon inda jama'a za su gani. Kafin nan, a wadata su da ruwan famfo.

Naka mai karatu,
daga Fatakwal