Wasiƙa kan gidan da ka ce in dubo maka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya aiki, ya sanyin Ingila? Mu nan Kano damina ta kankama, alhamdu lillahi. Ranar Juma'a na je gaida Hajiya, ƙafar ta yi sauƙi sosai, har da kanta ta rako ni zaure. Ta ce in gaya maka ka kwantar da hankalinka.

Sai maganar gidan nan na sabon rukunin da ke bayan gari. Na je har sau uku. Na farko tare da dillalin kamfanin, na biyu ni kaɗai, na uku kuwa da gangan na jira sai da aka kwana ana ruwa, sannan na yi sammako. Abin da na gani a zuwan ƙarshe shi ya sa na zauna na rubuto maka, ban tura saƙon murya ba, don ina so ka karanta a natse.

Gidan kansa ba shi da laifi. Bulon mai kyau ne, rufin ba ya yoyo, tsakar gidan za ta ishi yara wasa. Hotunan da suka turo maka ba ƙarya a ciki. Sai dai da safen nan a bakin titi na ajiye babur, na naɗe wando na shiga da ƙafa. Magudanar da suka gina a cikin rukunin ta siminti ce, tsaf da ita, amma tana kaiwa katanga ta tsaya cak. Ruwan gidajen gaba ɗaya ta kwalbati guda yake fita, ya gangara cikin tsohon ƙauyen da ke ƙasa, ƙauyen da tun kafin a haife mu yana nan. Na tarar da wani dattijo da 'ya'yansa suna kwarfe ruwa daga zaure da bokiti, ginin ƙasar ya jiƙe har gwiwa. Ya ce min a da gonakin da aka yi rukunin a kansu su ke shanye ruwan, yanzu ko'ina kwano da daɓe. Wallahi nauyi ya kama ni, domin ni ma a matsayin mai son saye na zo.

Daga nan na koma kan taswirar da dillalin ya ba ni. A takarda akwai filin makaranta, akwai na asibitin sha-ka-tafi, akwai wajen wasan yara. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Filin makarantar an yanka shi fuloti-fuloti, har an fara haƙa harsashi. Maƙabarta kuwa ko a takardar babu ita, kuma ka san mu, ba ma kwana da gawa. Ke nan ta ƙauyen za a matsa wa, wadda tuni ta kusa cika. Ruwan famfo bai iso ba, kowane gida da rijiyar burtsatsensa, wata ma taku kaɗan ne tsakaninta da ramin masan maƙwabci. Taransifoma ɗaya ce, waɗanda suka riga suka tare sun ce da ta ƙone karo-karo suka yi. Shara kuma a wani kududdufi ake zubawa.

Ban tsaya nan ba, na tafi sakatariyar ƙaramar hukumar da wurin yake ciki. Wani ma'aikaci a sashen ayyuka ya karɓe ni da mutunci. Na tambaye shi wa zai riƙa gyara titunan rukunin idan kamfanin ya sayar ya tafi. Ya ce su ma a allon talla suka fara ganin sunan wurin, ba wanda ya kawo musu taswira, amma masu ƙorafi kullum ƙofarsu suke zuwa. Wannan maganar ita ta tsaya min a rai, har na nemi wani lauya da muke sallah tare ya warware min yadda abin yake.

Ga yadda na fahimta. Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina da kula da tituna na cikin unguwa, da fitilunsu, da magudanan ruwa, da kwashe shara, da maƙabartu, da kasuwanni, har da raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Suna kuma da hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Ka ga kusan duk abin da na lissafa maka a sama, a wuyansu yake. To amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma shi ke ayyana inda ake kira birni. Ƙaramar hukuma sai a wajen wannan iyaka take ba da takardar mallaka irin ta gargajiya. Izinin gini ma a jiha ake nemansa. An taɓa yin dokar tsara birane a 1992 wadda ta tanadi hukumar tsarawa a matakin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, sai a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke, a ƙarar da Legas ta shigar, cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Saboda haka wanda zai gaji titi da kwata da shara ba lallai ne a kira shi ranar da ake amincewa da taswira ba. Wani ya yanke, wani ya ɗauki kaya.

Kada ka ɗauka ina wanke ƙananan hukumomi ne. Ka san unguwannin awon igiya da suka zagaye Kano, inda lungu ba ya cin motar kashe gobara, wani ma makara da ƙyar take juyawa. A idon kansiloli da masu unguwanni aka yanka su, ba da dare aka yi ba. Sannan ko an ba su ikon, injiniya nawa gare su, mai awon ƙasa nawa? Amma duk da haka ni dai ra'ayina bai sauya ba: su suka fi kusa. Kansilan mazaɓa da dagaci sun san hanyar da ruwa ya saba bi tun zamanin kakanni, sun san makarantar da yara suke zaune a ƙasa don cunkoso. Da an tambaye su, da wannan kwalbatin bai kalli gidan dattijon nan ba. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yulin 2024, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ya faranta min rai, sai dai kuɗi kaɗai ba zai zaunar da su a inda ake yanke shawara ba.

Na tuna abin da ka taɓa ba ni labari lokacin da ka zo hutu, cewa a can majalisar yanki ce ke ba da izinin gini, kuma ƙarƙashin sashe na 106 na dokarsu ta tsara gari ta 1990 tana iya ɗaure mai gina rukuni da yarjejeniya, ya ba da kuɗin gina makaranta ko hanya, ko ya ware gidaje masu sauƙin kuɗi. Ka ce su ma suna kuka, wasu kamfanonin na ja da baya da sunan riba ba za ta fita ba. To amma aƙalla akwai takarda, akwai wanda za a riƙe. Abin da nake so mu samu ke nan, ko da daidai ƙarfinmu: kada a fara sayar da gida sai ƙaramar hukuma ta ga taswira ta sa hannu, filin makaranta da na maƙabarta a miƙa mata su a rubuce tun farko, yadda ba mai iya yanka su, mai gini kuma ya ajiye wani kaso na kuɗi da ba zai karɓa ba sai ya kai magudanarsa inda za ta haɗu da babbar hanyar ruwa. Mun ga a Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, da gwamnatin jiha ta gina tsakanin 2011 da 2015, an shimfiɗa tituna tare da gidajen. Ashe ba abin da ya fi ƙarfinmu ba ne.

Yanzu ga shawarata, kuma ka san ba zan ɓoye maka ba. Kuɗin nan guminka ne na shekaru, ka riƙe shi tukuna, ko kafin alƙalami kada ka ba da. Na gaya wa dillalin ina son abu uku a hannu: kwafin taswirar da hukuma ta buga wa hatimi, ba wadda suke rabawa don talla ba, takardar da ta nuna wa zai karɓi tituna da magudana bayan sun gama, da bayanin abin da ya faru da filin makaranta. Ya ce zai kai wa shugabanninsa. Na ba shi mako biyu. In sun kawo, ni da lauyan za mu zauna mu duba, in aiko maka da hoton kowane shafi. In kuma sun fara kwana-kwana, akwai wani gida a tsohuwar unguwa kusa da su Hajiya da aka ce za a sayar. Ya tsufa, yana son gyara, amma titinsa da kwatarsa sun ga damina da yawa, kuma makaranta da masallaci duk da ƙafa ake zuwa. Zan leƙa shi ranar Asabar in Allah Ya kai mu.

Mutanen ƙauyen nan kuma na yi musu alkawarin zan taya su rubuta koke, a kai wa shugaban ƙaramar hukuma ta hannun dagacinsu, a tura kwafi jiha. Ko ka sayi gidan ko ba ka saya ba, zan cika wannan.

Ka gaida uwargida, ka shafa min kan yara. Mutanen majalisarmu ta ƙofar gida duk suna tambayarka. Ka kira ni idan ka karanta, bayan isha'i na nan ya fi, lokacin na dawo gida.

Wassalam.

Naka har kullum,
amininka na Kano.