Wasiƙa ga ɗana kan digirin koyar da lissafi

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso. Kana tambaya ko ka shiga digirin koyar da lissafi kai tsaye, ko ka karanta lissafi zalla sannan ka ɗora difloma ta koyarwa. Duka biyun suna kai mutum aji. A ta farko, galibi shekara 4 ce, kana ɗaukar kwasa-kwasai a sashen lissafi da tsangayar ilimi a tare. A ta biyu, sai ka gama digiri ka ƙara kamar shekara guda, irin abin da ake kira PGCE a Ingila. Tunda ranka ya riga ya kwanta da koyarwa, ni ta farkon nake zaɓa maka.

Sai dai ga abin da nake jiye maka. Masu wannan digiri sukan raina rabin karatunsu: su zage damtse a kan lissafi, kwasa-kwasan dabarun koyarwa kuwa sai ana jibi jarrabawa su haddace. Kada ka bi sahunsu.

Wata rana yaro zai rubuta maka 1/2 + 1/3 = 2/5. Duk mai digirin lissafi ya san 5/6 ne. Amma malami zai gane inda yaron ya zame: ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Maimakon jan biro, sai ya ja layi a allo, ya sa yaron ya nuna rabi, ya nuna 2/5. Da idonsa zai ga an ƙara wani abu a kan rabi amma ya ragu, kuma ba zai sake mantawa ba. Irin wannan sani ne Lee Shulman na jami'ar Stanford ya yi rubutu a kai a 1986, cewa sanin darasi daban, sanin yadda ake shigar da shi kan ɗalibi daban. Dabarun koyarwa na malamin tarihi ba za su yi maka aiki ba, shi ya sa ake horar da kowa a fanninsa.

Idan aka tura ku koyarwar gwaji, ka ware littafi kana rubuta kurakuran yara, ba makinsu ba. Ka nemi izinin tsohon malamin ajin ka zauna a baya kana kallon yadda yake jefa tambaya da tsawon shirun da yake yi kafin a amsa.

Masu cewa koyarwa ta waɗanda suka rasa gurbi ce, bar su da bakinsu. Hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta ƙiyasta duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, akasarinsu na sakandare.

Ka turo mini jerin kwasa-kwasan zangon farko in duba. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.