Dan Allah ku taɓo mana kakar besbol ta 1908, akwai yaron da aka zalunta

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya iyali, a gaishe min da mutanen sashen wasanni baki ɗaya. Ni mai sauraronku ne daga Shikago a Amurka, tuƙi nake yi, kuma shirinku na wasanni shi ke raka ni a mota in dare ya yi. Toh kwanaki na ji kuna ta muhawara wai wace kaka ce aka fi kai ruwa rana kafin a san zakara, kowa sai ƙwallon Aguero ta 2012 yake kawowa. Ban ce ba haka bane, nima ranar sai da na yi ihu, amma ranka ya daɗe duniyar wasa ba ƙwallon ƙafa kaɗai bace. A garin nan da nake in ka tada maganar 1908 wa tsohon mai son besbol sai ya gyara zama kamar jiya aka yi, shi yasa nace bari in rubuto.

Na san da yawa cikinmu besbol kallon shirme muke masa, nima haka na zo, shekara biyu ina ganin mutane na tsaye suna tofar da yawu ba abin da ake yi. A taƙaice dai mai jifa ya jefo ƙwallo, mai sanda ya buga ya ruga, akwai tasha uku da zai bi ya dawo gida, in ya dawo an ci ɗaya kenan. In aka fitar da mutum uku sai a yi canji, turmi tara ake yi kamar yadda ƴan dambe ke ƙirga nasu. Ƙungiyar da ta zo ta ɗaya a rukuninta ita ke ɗaukar tuta, kuma lokacin rukuni biyu ne kawai, National League da American League, kowanne ƙungiya takwas, wasa 154 a kaka, ba wani zagayen share fage, in ka zo na biyu ka tafi gida kawai.

A National League ta 1908 ƙungiyoyi uku ne suka riƙe wuyan juna har ƙarshe, Cubs ta Shikago, Giants ta Niyok da Pirates ta Pittsburgh. Cubs ta gama da nasara 99 faɗuwa 55, sauran biyun kowacce 98 da 56, kaga wasa ɗaya tak ya raba su bayan wata shida ana abu ɗaya. Kuma wannan wasa ɗayan shine abin da ya kawo ni.

Ranar 23 ga Satumba ne a filin Polo Grounds, gidan Giants. Turmi na tara, ci 1 da 1, an riga an fitar da mutum biyu na Giants, McCormick na tasha ta uku, wani yaro Fred Merkle ɗan shekara 19 na tasha ta farko, shi ma ya samu shiga ne saboda mai gurbin wato Fred Tenney baya jin daɗin jikinsa ranar. Al Bridwell ya buga ƙwallo ta tafi, McCormick ya shigo gida, jama'a suka ɓarke cikin fili ana murna an ci wasa, shi kuma Merkle da ya ga taro ya nufo shi sai ya juya ya nufi ɗakin canza kaya bai ƙarasa ya taka tasha ta biyu ba. Haka kowa ke yi a zamanin, wallahi ba shi ya fara ba. Amma a littafin doka dole ne ya taka, in aka riga shi kai ƙwallo can ya fita, kuma tunda shine na uku to cin da aka yi ya tashi a banza. Johnny Evers na Cubs, ɗan ƙaramin mutum mai shegen wayo da ya haddace dokokin, ya tsaya a tsakiyar hargitsin yana ihu a miƙo masa ƙwallo, aka samo wata aka bashi ya taka tashar. Har yau ana gardama ko ƙwallon wasan ce ko wata daban, don akwai masu cewa Joe McGinnity na Giants ya riga ya wurga ta asalin cikin ƴan kallo. Alƙalin wasa Hank O'Day ya ce Merkle ya fita, fili kuma ya cika da mutane ga duhu ya kawo, aka ce kunnen doki ne. Abin da zai baka haushi, makonni kaɗan kafin nan Evers ya gwada wannan dabarar a Pittsburgh gaban wannan alƙalin dai, ranar bai bashi ba, sai a kan Merkle ta faɗa.

Shugaban rukunin Harry Pulliam ya tabbatar da hukuncin, da kaka ta ƙare Cubs da Giants suka yi daidai, dole aka sake buga wasan ranar 8 ga Oktoba a Niyok, mutane har kan gadar jirgin ƙasa da saman tudu don su leƙa. Giants suka fito da mai jifarsu Christy Mathewson wanda ya ci wasa 37 shi kaɗai a kakar, Cubs suka fara da Pfiester amma tun turmin farko aka cire shi aka sa Mordecai Brown. Wannan Brown ɗin yana yaro a gona a jihar Indiana injin yanka abincin dabbobi ya cinye masa yatsa, hannun ya karkace, ana ce masa mai yatsa uku, kuma wannan naƙasar ce ta sa ƙwallonsa ke lanƙwasa ta inda mai sanda bai zata ba, ya ci wasa 29 a shekarar. Ikon Allah kenan. A turmi na uku Cubs suka zuba huɗu, Joe Tinker ya fara da doguwar da ta tsallake kan mai tsaron tsakiya, aka tashi 4 da 2.

Yanzu dan Allah Malam ka duba min, ƙungiyar da ta faɗi wasa 56 a ce yaro ɗan 19 ne ya kashe ta? Bayan abin Merkle akwai kusan mako biyu a gabansu, wani sabon mai jifa na Philadelphia da ba wanda ya san shi, Harry Coveleski, ya lallasa su sau uku cikin kwana biyar, da sun ci ɗaya daga ciki da ba a ma sake wancan wasan ba. Kocinsu John McGraw, mutum mai zafin kai da baya raga wa kowa, shi kansa bai ɗora wa yaron laifi ba. Amma jaridu suka laƙaba masa Bonehead, wato daƙiƙi, sunan ya bi shi har kabari, alhali mutumin ya yi shekaru yana wasa mai kyau, ya je World Series, wato karon ƙarshe tsakanin zakarun rukunonin biyu, da Giants sau uku a jere daga 1911, daga baya ma Cubs ɗin suka ɗauke shi. Sai a 1950 ya yarda ya koma wancan filin a taron tsofaffin ƴan wasa, jama'a suka tafa masa, bayan shekara 42. Duk lokacin da na ga ana zagin uwar yaron da ya zubar da fenareti a Facebook shi nake tunawa.

Pirates kam ba zan daɗe a kansu ba, amma Honus Wagner dole a ambace shi, mutumin da ya yi aikin haƙar kwal yana yaro, mai gwamen ƙafa da hannu kamar shebur. A zamanin ƙwallo ɗaya ake ta bugawa har ta yi baƙi ta yi laushi, ci yana wuya sosai, wanda ya fi kowa buga ƙwallo waje, wato bugun da ke kai mai sanda gida kai tsaye, a National League 12 kacal ya yi duk kakar, amma Wagner ya kai .354, kusan duk fitowa uku sai ya samu ɗaya da ɗoriya. Ranar 4 ga Oktoba Brown ɗin nan dai ya doke su 5 da 2 a Shikago, nasu ya ƙare.

Ɗaya rukunin ma ya fi matsewa in lissafi za a bi. Detroit ta Ty Cobb 90 da 63, Cleveland 90 da 64, White Sox 88 da 64. Detroit ruwan sama ya hana ta wasa ɗaya kuma ba a sa ta biya ba, da rabin wasa ta ɗau tuta, ni a ganina wannan ma zalunci ne ya fi na Merkle amma ba a cika maganarsa ba. Ed Walsh na White Sox ya ci wasa 40, ya yi jifa turmi 464 a kaka ɗaya, yau wanda ya kai 200 ana ta yabonsa, kuma makaminsa yawu ne, eh yawu yake shafa wa ƙwallo ta riƙa zamewa, lokacin doka ta yarda sai 1920 aka fara hanawa. Ranar 2 ga Oktoba ya haɗu da Addie Joss na Cleveland, Walsh ya fitar da mutum 15 da jifa zalla amma ya faɗi 1 da 0, don Joss bai bar ko mutum ɗaya cikin 27 ya taka tashar farko ba, da jifa 74 kawai. Joss ya rasu 1911 yana ɗan shekara 31, ciwon sanƙarau.

In za ku yi shirin kar ku manta ku faɗa wa masu sauraro duk waɗannan taurarin farare ne zalla, baƙar fata an hana su shiga sai 1947 da Jackie Robinson, ga irin su Rube Foster a nan Shikago a wannan shekarar yana jifa wa Leland Giants ba wanda ya bashi dama ya gwada da su Mathewson.

Cubs suka je suka cinye Detroit wasa 4 da 1 a World Series, daga nan basu sake ɗauka ba sai 2016, shekara 108, wasu ƴan Niyok har yau cewa suke alhakin Merkle ne. Ko minti goma ne ku bamu a shirin, in kuna son wanda zai yi bayanin dokokin ku kira ni, da dare ina kan hanya amma zan faka.

Naku,
mai sauraronku daga Shikago